Inda Jimla Ta Yi Daidai da Ninki: Nasiha ga Ɗaliban Lissafi a Bauchi

Tarawa da ninkawa suna cikin ayyukan farko da yaro yake koya a lissafi, kuma tun yana firamare ake nuna masa cewa hanyoyinsu sun rabu, domin 3 a tara da 5 yana ba da 8, alhali 3 sau 5 yana ba da 15. Abin da aka samu bayan tarawa shi ake kira jimla, abin da aka samu bayan an buga lambobi sau juna kuwa a nan za a kira shi ninki. A mafi yawan lokuta ninki yana tsere wa jimla da nisa, amma akwai rukunonin cikakkun lambobi, wato 1, 2, 3 da na gaba da su waɗanda ba su da gutsure, da jimlarsu da ninkinsu suke zama abu ɗaya. Neman irin waɗannan rukunoni aiki ne da ɗalibin sakandare a Bauchi zai iya farawa da biro da bayan littafin rubutu, kuma duk da ƙanƙantarsa yana koyar da abin da haddar ƙa'idoji ba ta koyarwa, wato bambancin da ke tsakanin samun misali, da samun dukkan misalai, da kafa hujjar cewa babu wanda ya rage.

Idan lambobin biyu ne, kowa yana tuna 2 da 2, waɗanda jimlarsu 4 ce ninkinsu ma 4. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce ko akwai wasu biyun, kuma ɗalibin da ya gwada 3 da 3, da 2 da 5, da 4 da 7, ya ga duk ba su yi ba, bai amsa ta ba tukuna, saboda lambobi ba su da iyaka kuma gwaji komai yawansa ba ya ƙure su. Hujjar gajeruwa ce. A kira lambobin a da b, a ce a ce ƙarama ko kuma daidai take da b. Jimlarsu ba za ta wuce b sau 2 ba, don haka idan ninkinsu daidai yake da jimlar, a ba za ta wuce 2 ba. Idan a ta zama 1, ninkin zai zama b, jimlar kuwa ta ɗara b da ɗaya, ba za su haɗu ba har abada. Idan ta zama 2, dole b ta zama 2. Da wannan an rufe ƙofa. Yana da kyau a lura cewa sharaɗin cikakkun lambobi shi ne ya rufe ta, domin 3 da ɗaya da rabi jimlarsu huɗu da rabi ce, ninkinsu ma haka, kuma da an yarda da gutsure da amsoshin ba su ƙirguwa.

Wannan dabara ta jera lambobi daga ƙarama zuwa babba ita ce take warware na uku ma. Idan a, b, c suna jere haka, jimlarsu ba ta wuce c sau 3, wanda yake nufin a sau b ba ya wuce 3, saboda haka zaɓin da ya rage uku ne kawai: 1 da 1, ko 1 da 2, ko 1 da 3. Na farko ba ya yiwuwa, na biyu yana ba da c daidai da 3, na uku kuwa yana mayar da mutum ga rukunin da ya riga ya samu. Ashe 1, 2, 3 su kaɗai ne, jimla 6 ninki 6. Abin da ya kamata matashi ya ɗauka a nan shi ne yadda layi ɗaya na tunani ya mayar da bincike marar iyaka zuwa gwaji uku. Ɗalibai da yawa suna fara lissafi da hannu kafin kai, su cika shafi da gwaje-gwaje barkatai, alhali minti biyu na tambayar kai iyakar girman da lamba za ta iya kaiwa da sun rage aikin gaba ɗaya.

Sirrin batun yana hannun lamba 1, wadda take ƙara jimla amma ba ta taɓa ninki. Duk wanda ya ɗauki lambobin da ninkinsu ya fi jimlarsu zai iya cike giɓin da ɗaiɗai har su daidaita. Ninkin 3 da 5 ya fi jimlarsu da 7, don haka idan aka jera 1 sau bakwai tare da 3 da 5, an sami lambobi tara da jimlarsu 15 ninkinsu 15. Daga nan ake gane cewa kowane yawan lambobi aka zaɓa, a kira shi n, akwai amsa aƙalla guda: a ɗauki 2, a ɗauki n ita kanta, a cike sauran gurabun da 1. Ga huɗu, 1, 1, 2, 4, jimla 8 ninki 8. Ga goma, 1 sau takwas da 2 da 10, jimla 20 ninki 20. Wannan ita ce amsar gama-gari, kuma an tabbatar cewa babu wata amsa da jimlarta take wuce n sau 2, wanda yake nufin amsoshin kowane n ƙidayayyu ne. Da aka zo biyar sai abin ya fara yin reshe, domin ban da 1, 1, 1, 2, 5 akwai 1, 1, 1, 3, 3 mai jimla 9, akwai kuma 1, 1, 2, 2, 2 mai jimla 8.

Tambaya ta gaba ta fito da kanta: wane n ne yake da amsa ɗaya tak, kamar 2 da 3 da 4, wane ne kuma yake da fiye? A ɗauka lambobi biyu ne kawai, a da b, suka fi 1 a rukunin. Idan aka rubuta daidaiton aka kwashe komai zuwa gefe guda, sai a ga cewa a ban da ɗaya, sau b ban da ɗaya, daidai yake da n ban da ɗaya, wato (a − 1)(b − 1) = n − 1. Wannan sauyin fasali, na mayar da haɗakar tarawa da ninkawa zuwa ninkawa zalla, ya cancanci ɗalibi ya zauna da shi har ya shige shi, domin yana dawowa a wurare da yawa na aljabara. Ma'anarsa a nan ita ce kowace hanya ta raba n − 1 gida biyu ta ninkawa tana haifar da amsa. Idan n ta zama 7, to 6 tana rabuwa zuwa 1 sau 6 da kuma 2 sau 3, na farko ya ba da 2 da 7, na biyu ya ba da 3 da 4, kuma lallai 1 sau biyar da 3 da 4 jimlarsu 12 ce. Idan n ta wuce 2, don amsa ta zama ɗaya tak, dole n − 1 ta kasance lamba marar rabuwa, wato wadda babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13.

Wannan sharaɗi bai wadatar ba. Idan aka bar lambobi uku su fi 1, ɗayarsu kuma 2 ce, irin wancan sauyin yana ba da (2a − 1)(2b − 1) = 2n − 1, saboda haka ita ma 2n − 1 dole ta ƙi rabuwa. Misalin 8 yana nuna haka a fili: 7 ba ta rabuwa, amma 15 tana rabuwa zuwa 3 sau 5, daga nan kuma aka sami 1 sau biyar da 2, 2, 3, jimla 12 ninki 12. Lamba marar rabuwa wadda idan aka ninka ta biyu aka ƙara ɗaya ake sake samun marar rabuwa tana ɗauke da sunan Sophie Germain, masaniyar lissafi 'yar Faransa da ta rayu daga 1776 zuwa 1831, ta kuma koyi fannin a lokacin da makarantun da ake koyar da shi ba sa karɓar mata. To ko da n ta tsallake waɗannan shingaye biyu, ba ta tsira ba tukuna. A ɗauki 12: 11 ba ta rabuwa, 23 ma haka, mai gaggawa zai ce an gama, amma 2 sau huɗu tare da 1 sau takwas lambobi goma sha biyu ne, jimlarsu 16, ninkinsu 16.

Waɗanda aka sani sun tsallake duk shingayen su ne 2, 3, 4, 6, 24, 114, 174 da 444. An bi lambobi masu ɗimbin yawa bayan 444 da kwamfuta ba a ga ta tara ba, kuma Richard Guy, malamin lissafi a Jami'ar Calgary ta Kanada wanda ya rasu a 2020 yana da shekara 103, ya sanya batun cikin littafinsa na matsalolin ilmin lambobi da ba a warware ba, wanda ya fara fitowa a 1981. Har yanzu babu wanda ya kafa hujjar cewa jerin ya ƙare a 444. Nan ne matashi zai ga matakai uku a gabansa ƙarara. Cewa 1, 2, 3 jimlarsu da ninkinsu ɗaya ne, misali ne. Cewa su kaɗai ne a cikin rukunonin lambobi uku, tabbataccen hukunci ne mai hujja. Cewa babu wata bayan 444, hasashe ne mai ƙarfi wanda gwaji ya goyi bayansa amma hujja ba ta rufe shi ba. Mai ilmi yana kiran kowanne da sunansa, kuma wannan ladabi ne da yake da amfani nesa da ajin lissafi, musamman a zamanin da magana take yawo a waya ba tare da an tambayi madogararta ba.

Ɗalibin da yake zuwa boko da safe, da yamma kuma ya zauna a zauren malami cikin unguwannin tsohon gari, wajen Ƙofar Jahun ko Ƙofar Wambai, yana karanta babin gado a Risala, zai tarar da 1, 2, 3 suna jiransa a can. Idan mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa biyu li'ummai, wato waɗanda suka haɗa uwa kawai da ita, miji yana da rabi, uwa tana da sudusi, li'umman kuma sulusi. Asalin mas'alar, wato lambar da ake kasa dukiya a kanta, 6 ce: miji ya ɗauki 3, li'ummai 2, uwa 1, dukiya ta ƙare daidai babu ragi babu ƙari. Dalilin da ya sa ta ƙare daidai shi ne 1, 2, 3 su ne masu raba 6 ban da ita kanta, jimlarsu kuma 6, kuma lambar da take daidai da jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ita ce magabata tun zamanin Girkawa suke kira kammalalliyar lamba. Wannan dangantaka ce ta gaskiya, ana iya bin ta mataki-mataki. Akwai kuma wadda ba ta gaskiya ba, mai jan hankali ƙwarai. Asalan mas'alolin gado bakwai ne, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, kuma wanda ya ajiye su kusa da 2, 3, 4, 6, 24 na jerin da ya gabata zai ji kamar ya gano wani ɓoyayyen sirri. Kama da wane ba wane ba ne. An riga an ga cewa 8 da 12 suna da amsa fiye da ɗaya, 114 kuwa ba ta da wuri a gado, kuma asalan sun fito ne daga rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, ba daga daidaiton jimla da ninki ba. Ƙananan lambobi kaɗan ne, ayyukan da ake ɗora musu kuma suna da yawa, shi ya sa suke yawan haɗuwa a hanya ba da wata alaƙa ba.

Akwai wata fuskar batun da duk mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya sani, ko da bai san tarihinta ba, ita ce a ba da jimlar lambobi biyu da ninkinsu a ce a nemo su. Marubutan Babila sun warware irin wannan a kan allunan yumɓu kusan shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Muhammad bn Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya kawo mas'alar raba 10 gida biyu ta yadda ninkinsu zai zama 21. Hanyar ita ce a ɗauki rabin 10, wato 5, a buga shi sau kansa a sami 25, a ɗebe 21 saura 4, a nemi lambar da idan aka buga ta sau kanta take ba da 4, wato 2, sannan a ƙara ta a kan 5 a kuma ɗebe ta daga 5, a sami 7 da 3. Doguwar ƙa'idar nan da ɗalibai suke haddacewa daren jarrabawa, su manta da ita bayan mako guda, ba komai ba ce illa waɗannan matakai da aka rubuta da haruffa. Wanda ya fahimci cewa lambobin biyu suna zaune ne a nesa ɗaya daga rabin jimlarsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, zai iya sake gina ƙa'idar a zauren jarrabawa idan ta ɓace masa. Babban kaso na wannan littafi na Alkhawarizmi a kan wasiyya da rabon gado yake, abin da ya isa ya nuna cewa katangar da wasu suke ginawa tsakanin lissafin boko da na zaure sabuwa ce.

Jimla da ninki suna tantance lambobi biyu, amma ba sa tantance uku. Rukunin 1, 6, 6 da rukunin 2, 2, 9 duk jimlarsu 13 ninkinsu 36, kuma 4, 15, 20 da 5, 10, 24 da 6, 8, 25 duka ukun jimlarsu 39 ninkinsu 1200. Andrzej Schinzel, masanin lissafi ɗan Foland, ya tabbatar a 1996 cewa komai yawan rukunonin da aka buƙata, ana iya samun adadin nan na rukunonin lambobi uku masu jimla ɗaya da ninki ɗaya.

Sauyin fasalin da aka yi amfani da shi a baya yana aiki a ƙasan ɗaki ma. Mai sa tayil yana lissafa faɗin ƙasa ta hanyar buga tsawo sau faɗi, yana kuma lissafa kewaye, domin tayil ɗin gindin bango, ta hanyar tara ɓangarori huɗu. Ɗaki mai mita 3 da mita 6 faɗin ƙasansa 18 ne kewayensa ma 18, mai mita 4 da mita 4 kuwa 16 da 16, kuma daidaiton (a − 2)(b − 2) = 4 yana nuna cewa babu na uku a cikakkun lambobi, tunda 4 ba ta rabuwa sai zuwa 1 sau 4 ko 2 sau 2. Sai dai duk magini ya san cewa da zarar an ajiye mita an auna ɗakin nan da ƙafa, daidaiton ya watse, saboda faɗin ƙasa da tsawon kewaye ba jinsi ɗaya ba ne. Ɗalibin kimiyya da bai saba tambayar abin da lambarsa take aunawa ba zai sha wahala a fizik da kimistiri, ko da lissafinsa bai taɓa kuskure ba.

Bauchi gari ne da ya san darajar malamin aji. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1933, Malam Aminu Kano ma ya koyar a makarantar a shekarun 1940, kuma jami'ar da aka kafa a garin a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka sa mata sunan Tafawa Ɓalewa a 1988, tana koyar da lissafi har zuwa manyan digirori. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji da ta Abubakar Tatari Ali duk suna neman ɗalibin da ya ci lissafi kafin su ɗauke shi a fannonin injiniya, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja kuma tana shirya gasar da ake zaɓen wakilan Najeriya daga cikinta, inda tambayoyin suke neman hujja, ba amsa kawai ba. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Muhammad bn Muhammad Alfulani Alkashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake gina hatimi, wato murabba'in gidaje da ake zuba lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, kuma abin da ya bayar hanyoyi ne na ginawa bisa tsari, ba tarin misalai ba. Shawarar da ta dace da matashi ita ce ya ware littafi guda domin irin waɗannan tambayoyi, ya rubuta gwajin da ya faɗi kusa da wanda ya yi nasara, ya kuma karanta wa abokin karatu hujjarsa da baki, domin giɓin da ido ya tsallake kunnen wani yakan kama shi. Wayar hannu za ta iya ba shi jerin amsoshi cikin daƙiƙa, amma ba don jerin ake yin aikin ba, kuma ya fi kyau a ɗauko ta bayan an gama, domin dubawa.

Wanda yake son ya gwada kansa yana da fili tsakanin 24 da 114. Lambobin da suka tsallake shingaye biyun farko a wannan tazara biyar ne, 30, 42, 54, 84 da 90, kuma tunda babu ɗayarsu a jerin takwas ɗin nan, kowace tana ɓoye da amsa ta biyu. Ta 30 ita ce 2, 2, 3, 3 da 1 sau ashirin da shida, jimla 36. Ta 54 ita ce 2, 2, 2, 8 da 1 sau hamsin, jimla 64. Ta 42 ta fi wuyar samu, saboda sai an bar lambobi biyar sun fi 1 kafin ta bayyana, ta 84 tana farawa da 3, ta 90 kuma jimlarta 100 ce cif. Bayan waɗannan sai tambayar dalilin da ya sa 6 take raba 24 da 114 da 174 da 444 duka ba saura, wadda ake amsa ta da duba abin da yake saura idan aka raba n − 1 da 2n − 1 da 2, sannan da 3.